Wa zai riƙe yaro in aure ya mutu?

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, in aure ya mutu, bisa al'ada yaro na wurin uwa har shekara 7, sannan uba ya karɓa. Amma malaman Malikiyya sun ce riƙo sai mai hankali, mai amana.

In ka ga uba na dukan ɗansa har jini, ko uwa na barin shi da yunwa, kada ka yi shiru. Kai yaron likita a rubuta raunin. Sanar da maigari, ku tafi wurin alƙalin yara a kotun Ƙonni. Tun 1999 doka ta ba alƙalin ikon karɓe yaron, ya danƙa wa kaka ko wani mai amana cikin dangi.