Daga Sochaux zuwa Kara-Kara: wa ke da wannan mota?

Tsofaffin motocin Peugeot da suka ƙetaro Sahara shekaru 40 zuwa 50 da suka wuce suna nan a Damagaram, wasu na aiki, wasu sun durƙushe. Da dama daga cikinsu sun bi ta hannu biyar ko shida, amma takardunsu sun tsaya a hannun farko. Ranar rabon gado ko ranar ciniki ake gane tsadar wannan sakaci.

Duk wanda ya ratsa Kara-Kara, unguwar da aka fara zaunar da masu ciwon kuturta a gefen birnin Damagaram, wadda yau ta cika da masu fasa dutse da ƴan ruwa-ruwa masu sayar da isansi a kwalba, yana iya cin karo da tsohuwar Peugeot 404 an ɗora ta bisa duwatsu, ko wata 504 bashe tana nishi da lodin itace. Manya suna kiran ta farkon da sunanta na da, kat-san-kat, wasu kuma su ce Fijo kawai. Irin waɗannan unguwanni ne zangon ƙarshe na motocin da suka fara rayuwa a titunan Faransa.

Ga yadda matsalar ta saba tasowa. Maigida ya rasu, ya bar mata da ƴaƴa da mota. Magada sun zauna rabo, an samu mai saye, an yi ciniki, sai ya ce a kawo takardu. A buɗe akwatin marigayi, a zaro kart giriz da ta sha jiki, a tarar da sunan wani mutum da babu wanda ya taɓa jin labarinsa a gidan, da adireshi na Agadas ko na Yamai. Kowa a unguwa ya san motar ta marigayi ce, shekara 20 ana ganinsa a cikinta. Amma jandarma da ma'aikacin duwan ba sanin unguwa suke tambaya ba. Daga nan sai bin sawu, hannu bayan hannu, har a kai ga asali.

Abin da ƙarfe ke faɗi

Mai bin sawun mota da jikinta yake farawa, domin takarda tana ɓata, ƙarfe kuwa yana riƙe abin da aka buga masa. In an ɗaga murfin inji, akwai ɗan faranti da kamfani ya kafe, ɗauke da irin motar da lambarta ta ƙira. An kuma buga wannan lamba a jikin ƙarfen motar. Wajibi ne su biyun su zo daidai da abin da ke cikin kart giriz. In sun saɓa, ko aka ga alamar walda ko gugar ƙarfe a wurin, to ko dai gangar jikin wata ce aka ɗora wa takardun wata, ko kuma akwai abin da ake ɓoyewa. Lambar inji ba ta da wannan nauyi, don da wuya a samu motar da ta kai wannan shekaru da injinta na farko.

Lambar ita kanta tana ba da labari. An ƙera 404 a masana'antar Sochaux, gabashin Faransa, daga 1960 zuwa 1975, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 1991. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. Motocin wancan zamani gajeriyar lamba gare su. Doguwar lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ta Peugeot ke farawa da VF3, sai a farkon shekarun 1980 ta zama ƙa'ida. Gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a Sochaux a 1988 yana ba da takardar shaidar lokacin ƙira ga wanda ya aika masa da lambar motarsa.

Akwai wasu alamun da makaniki mai ido ke karantawa. Fitila rawaya shaida ce ta zama a Faransa, domin dokar ƙasar ta tilasta ta har zuwa 1993. Wata motar har yanzu tana da harafin F manne a baya, ko sunan garejin da ya fara sayar da ita a gilashi, ko guntun takardar harajin shekara-shekara da Faransa ta daina karɓa daga masu motocin gida a shekara ta 2000. In kuwa sitiyari yana hannun dama, sai a dubi kudu: Najeriya ba ta koma tuƙi a gefen dama na hanya ba sai ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka motocin da aka sayar can kafin wannan rana a dama sitiyarinsu yake. Haka nan, ba kowace 504 ce ta ga Turai ba. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa su, da yawa kuma sun shigo Damagaram ta Magarya da Matamai.

Hanyar Sahara

Ba yau mota ta fara ƙetaro hamada zuwa Damagaram ba. A ƙarshen 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, waɗanda suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, ya yada zango a birnin, lokacin shi ne hedkwatar mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Sai dai cinikin mota ta wannan hanya a shekarun 1970 da 1980 ya bunƙasa.

Samarin Faransa da Jamus da Holan sukan sayi tsohuwar Peugeot da araha a ƙasarsu, su sa ta jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljeriya, su gangaro ta Ghardaïa da In Salah zuwa Tamanrasat. A wancan zamani, daga can kwalta ta ƙare. Kimanin kilomita 400 na rairayi da duwatsu ne zuwa In Gezzam, inda gawarwakin motoci suka zama alamar hanya a tudun Lawni. Sannan Asamaka, ƙofar Nijar, sannan wajen kilomita 200 zuwa Arlit. Kuɗin yuraniyom ya sa akwai masu saye tun daga can. Wanda bai sayar a Arlit ba yakan sayar a Agadas, ko ya bi ta Tanut ya sauko Damagaram, kusan kilomita 450, inda Alhazan birni da ƴan kasuwar Kano ke jira. Kuɗin motar shi ne kuɗin jirgin komawa gida. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya bi ta Agadas da Yamai a Janairun 1979, ya ƙara wa hanyar suna.

A nan ne hannun farko yake, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙin ganowa. In an yi sa'a tsohuwar kart giriz ta Faransa ta tsira, za a ga an ja mata layi, an rubuta ranar sayarwa, an sa hannu. Tana ɗauke da ranar da motar ta fara hawa titi. Lambar Faransa ta tsarin da aka yi amfani da shi daga 1950 zuwa 2009 tana ƙarewa da alƙaluman jiha: 75 Paris ce, 13 yankin Marseille, 69 yankin Lyon, 25 kuwa jihar da Sochaux take. Da wannan kaɗai ana sanin garin da motar ta fito.

Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990. Tawaye ya tashi a arewacin Nijar, bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, yaƙin cikin gida kuma ya ɓarke a Aljeriya a 1992. Motoci suka koma shigowa ta tashar ruwa ta Kwatano, su biyo ta Malanville da Gaya, Toyota kuma ta ture Peugeot daga kasuwa. Don haka duk motar da ta shigo ta Asamaka a hannun Bature, kusan a tabbata kafin wannan lokaci ta shigo.

Inda takarda ke tsayawa

Wahalar tana farawa ne bayan motar ta taka ƙasar Nijar. Baturen da ya shigo da ita da takardar izinin wucewa ta ɗan lokaci ya shigo, matsayin baƙo. Kafin ta zama ƴar ƙasa sai an biya kuɗin duwan, an karɓi rasit, sannan ofishin sufuri ya ba da lamba da kart giriz. Wannan rasit shi ne takardar haihuwar motar a Nijar. In babu shi, kome daɗewarta a gari, a idon hukuma ba ta shigo ba tukuna, ana kuma iya kama ta.

Mai saye na farko yakan cika wannan ƙa'ida, don mutum ne mai hali, kuma motar tana da daraja a lokacin. A ce babban ɗan kasuwa ne a Zango. Bayan wasu shekaru ya sayar wa wani ma'aikacin gwamnati, malamin lakwal ko akawun ofishi, shi ma wataƙila ya je ya canza suna. Sai ga shekarun 1990. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyara suka yi tsada. Albashi kuma yana yin watanni bai fito ba. Ma'aikata da yawa suka rabu da motocinsu cikin gaggawa. Wanda ke neman kuɗin hatsi ba ya tsayawa layin canza suna, mai saye kuma yana ganin kuɗin tambur asara ce. Aka tafa hannu, aka ce Allah ya sa albarka, aka miƙa mabuɗi da kart giriz yadda take.

Daga nan motar ta shiga tasha tana jigilar Mirya ko Magarya. Da ta gaji, ta koma ɗaukar itace, ko jarkokin isansi daga bakin iyaka. Kowane sabon hannu ya fi na baya talauci, kowane ciniki ya fi na baya ƙarancin rubutu. Wani ma ba sayenta ya yi ba, jingina ce aka ba shi kan bashin da ba a biya ba, abin da ke iya tayar da rigima ko bayan shekara 15.

Akwai kuma motocin gwamnati da na duwan da aka yi gwanjonsu. Waɗannan asalinsu ya fi sauƙin bi, matuƙar mai saye ya adana takardar gwanjon, domin ita ce ke shaida cewa motar ta fita daga dukiyar ƙasa ta hanyar halal.

Shaidun baka

Inda takarda ta yanke, sai a koma ga mutane. Matambayi ba ya ɓata. Tsohon makaniki yana gane motar da ya taɓa buɗe cikinta kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa: ya san wanda ya kawo ta aka sauya mata inji, ya san hatsarin da ya lanƙwasa mata ƙofa. Dillalin mota yana tuna wanda ya saya da wanda ya sayar, don a tsakaninsu ya ci la'ada. Shugabannin tasha suna tuna direbobin da suka ja ta. Ko fentin jikinta shaida ne: a kankare gefen ƙofa, a ga launi bisa launi, kowane launi da zamaninsa da mai shi.

Da haka ake haɗa silsilar, kamar yadda marokan fada ke jero sarakunan Damagaram, wane ya gaji wane. Amma dole silsilar ta kai ga mutumin da sunansa ke cikin kart giriz. In yana raye, sa hannunsa a takardar sayarwa, da tabbatarwar hukuma, ya wadatar. In ya rasu, sai a nemi magadansa, su kuma sai sun yarda cewa mahaifinsu ya sayar. Mafi yawan mutane sukan faɗi gaskiya. Sai dai akan samu wanda zai ga sunan ubansa a takarda ya ce motar tasu ce, aro aka ba da. Nan magana kan tafi gaban mai unguwa, ko fadar Sultan, in sulhu ya gagara a dangana da kotu. Shaidun kuwa tsufa suke yi. Duk makanikin da aka kai kushewa, da tarihin motoci da yawa aka rufe shi.

Abin da ake asara

Wani zai ce wahalar ta fi ƙarfin tsohon ƙarfe. Amma 404 ba ƙaramar mota ba ce a tarihi: ita ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. A Faransa motar da ta haura shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi, masu sha'awa kuma suna biyan kuɗi mai kauri kan wadda aka san asalinta. Motar da ba ta da rasit na duwan, ko wadda lambarta ta saɓa da takardarta, ba ta ƙetare iyaka ta hanyar doka, kamfanin inshora ba ya tsaya mata yadda ya kamata in ta yi hatsari, kuma mai ita ba shi da abin kare kansa in aka ce ta sata ce. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu: wanda ya sayi mota bai duba lamba ba, shi ma da nasa laifin. Ƙarshenta sai a sayar da ita a kilo ga masu tsohon ƙarfe, magada su raba abin da bai kai kuɗin buhun hatsi kaɗan ba.

Darasin bai tsaya ga kat-san-kat ba. Motocin da ƴan kasuwa da ma'aikata ke hawa yau su ne tsofaffin gobe, kuma har yanzu ana cinikinsu da tafa hannu. Abin da ake bukata kaɗan ne: a gwada lambar ƙarfe da ta takarda kafin a biya, a rubuta takardar sayarwa da shaidu biyu, a kai hukuma ta tabbatar, a canza suna a kart giriz, a ajiye rasit na duwan wuri ɗaya da takardun gida. Wanda kuma ke da tsohuwar mota da sunan wani a takardarta, ya nemi mutumin tun suna raye su biyun. Aikin yini ɗaya ne gare shi. Ga marayunsa kuwa, yana iya zama shari'ar shekara guda.