Maƙoƙon da ke Ramar da Mutum

Kowa a cikinmu ya san maƙoƙo. Amma ba duk maƙoƙo ne iri ɗaya ba. Akwai wanda yakan zauna a wuya shekara da shekaru, bai hana mai shi noma ko daka ba. Akwai kuma wanda yakan ramar da mutum. Wannan na biyun shi za mu duba yau.

A gaban wuyan kowa, ƙarƙashin zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiranta tayirod. Nauyinta kamar giram 20 ne. Aikinta ta ɗauki aidin daga abincinmu, ta yi wani ruwa da shi, ta zuba cikin jini. Ruwan nan shi ke zuga wutar jiki.

Mu tuna da maƙera. Yaro mai zuga ba ya yin yadda ya ga dama. Sai maƙeri ya ce zuga, in wuta ta isa ya ce dakata. Haka tsokar nan take. Maƙerinta wata 'yar tsoka ce kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ke aiko da saƙo ta cikin jini. Tsokar wuya kuwa an gina ta da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya tana da abin karɓar saƙon. Mu kira shi kunne.

To, ga inda ɓarna take. Cikin kowace ƙwaya akwai wani irin rubutu da take bi wajen ƙera kunnenta. In ƙwaya za ta rabu biyu, sai an kwafe rubutun nan. Mu da muke aji mun san abin da harafi ɗaya kan yi: bari dabam, ɓari dabam. In aka yi kuskuren harafi ɗaya wajen kwafewa, kunnen yakan riƙa jin "zuga" ko ba a ce ba. Ƙwayar ta yi ta aiki dare da rana, ta yi ta hayayyafa, 'ya'yanta duka da irin kunnenta. Bayan shekaru sai su zama ƙululu. Maƙeri ya ga wuta ta yi yawa, ya yi shiru. Sauran tsokar ta huta, amma ƙululun bai fasa ba.

Wani likita a Amurka, Henry Plummer, ya bayyana ciwon a 1913. Amma sai a 1993 masana a Burasel, ƙasar Beljiyam, suka gano kuskuren kunnen.

Wuta in ta yi yawa, gawayi take ci. Mai ciwon yana cin tuwo sosai, amma yana ramewa. Gabansa yana ta bugawa, hannu yana rawa, yana gumi ko da hunturu, barci ya ƙi zuwa. Ya fi kama mata da manya. Ga tsofaffi ya fi haɗari, don yakan rikita bugun zuciya har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wajen wani. Galibi kuskuren a ƙululun kaɗai yake, ba a gadonsa.

An fi samunsa inda aidin ya yi ƙaranci a abinci. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishiri. Mu saye shi, mu rufe shi, kada mu bar shi a rana. Amma rigakafi ne, ba ya narkar da ƙululun da ya riga ya fito.

Kada mu kai wa wanzami ya tsaga, jijiyoyin jini suna da yawa a wuya. A asibiti za a gwada jini. Akwai ƙwayar magani mai rage wutar, amma in an daina sha, ciwon yakan dawo. Abin da ke raba mutum da shi biyu ne: likita ya cire ɓangaren da ƙululun yake, ko a ba shi wani aidin na musamman ya sha, ya kashe ƙwayoyin da suka ƙi jin magana. Wannan aidin ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, don haka mace ta gaya wa likita halin da take ciki tun da fari.