Yoyon baƙin mai: Yadda ƙaramin noti ke kashe injin tsohon babur

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, ma'aikata da dama da ke zaune a Nyanya, Karu, Mararaba, Kubwa da Lugbe suka koma lissafin kuɗin sufuri kamar yadda suke lissafin cefane. Wasu sun ajiye mota, wasu kuma sun kakkaɓe tsohon babur ɗin da ya daɗe jingine a zaure. Duk da cewa an hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja tun shekarar 2006, babur bai bar rayuwar mazauna kewayen birnin ba. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai maigida tasha, kuma ofisoshi da yawa da shi suke aika wasiƙu.

Sai dai tsohon babur yana da wata cuta da kusan kowa ya saba gani har ya daina ɗaukar ta da muhimmanci, wato yoyon baƙin mai daga saman injin. Da fari ɗan danshi ne a gefen murfin bawul, ƙura ta manne masa ya yi baƙi. Daga baya sai ɗigo ya fara sauka kan salansa yana hayaƙi. Mai babur yakan ce ai tsufa ne, ya riƙa ƙara mai lokaci zuwa lokaci. Abin da yake mantawa shi ne injin ƙaramin babur, irin Bajaj Boxer ko Honda CG125 da takwarorinsa na China, kusan lita ɗaya kacal yake ɗauka. Idan kofi guda ya zube, kaso mai tsoka na abin da ke kare ƙarafan injin daga gugar juna ya tafi. Ƙarshen wannan hanya sananne ne a kowane gareji: injin ya buga, a sauke shi, a sayi fistin da ringi, wani lokaci har da kiransha. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan asara ce da za ta girgiza gida.

Inda matsalar take farawa

Murfin bawul shi ne hular da ke rufe saman kan silinda, inda bawul-bawul da hannuwan da ke danna su suke aiki cikin mai. Ƙananan notuna ne ke riƙe da shi, yawanci masu kaurin milimita 6, kuma tsakaninsa da kan silindar akwai fakin na roba ko na takarda mai tauri. Babura masu injin da ake gauraya wa fetur da mai, irin tsohon Suzuki AX100, ba su da wannan murfi, don haka maganar ta shafi injin mai bugu huɗu ne.

Tushen matsalar yana cikin bambancin ƙarafa biyu. Notin na ƙarfe ne mai tauri, ramin da yake shiga kuwa a jikin alminiyam aka yanke masa zare, ko tiredi kamar yadda makanikai ke faɗa. Alminiyam ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba, kuma idan ya yi zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. Kullum injin ya yi zafi ya huce, zaren yana shan ja da saki. A haɗa da cewa murfin nan ana yawan buɗe shi domin saita bawul, sai a ga dalilin da ya sa bayan shekaru zaren yake gajiya.

Abin da ke ƙarasa shi kuwa hannun mutum ne. Noti mai milimita 6 yana buƙatar ɗauri na kimanin nutin-mita 10 ne kawai. A sauƙaƙe, idan sifana tana da tsawon santimita 20, ƙarfin da ya kai nauyin kilo 5 a ƙarshenta ya wadatar. Amma da zarar an ga mai yana tsattsafowa, abu na farko da ke zuwa zuciya shi ne a ƙara matse notin. A injina da yawa na Honda da masu kwaikwayonsu, notin murfin yana da kafaɗa wadda ke tsayawa idan ta taɓa ƙarfe, saboda haka ƙarin matsewa ba ya ƙara danne robar ko kaɗan, zaren kawai yake ja. Nan take sai a ji sifana ta yi sako-sako, notin yana juyawa ba ya kamawa, idan an zaro shi a tarar da siraran zobban alminiyam a jikinsa.

Kafin a zargi noti

Ba kowane mai da aka gani a saman injin ne ke fitowa daga murfin bawul ba. Iskar tafiya tana kai mai baya, nauyinsa kuma yana kai shi ƙasa, don haka inda ya taru ba lallai nan ne ya fito ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a wanke injin tas da kananzir, a bari ya bushe, a barbaɗa hoda a wuraren da ake zargi, sannan a tayar da babur ɗin na wasu mintuna. Wurin da ya fara jiƙewa, kuma ya fi kowane tsawo, nan ne mafarin yoyon.

Sau da yawa laifin na robar ce da zafi ya busar har ta yi tauri kamar itace. Wani lokaci murfin ne ya ɗan lanƙwashe saboda an matse gefe ɗaya fiye da ɗaya. Akwai kuma tiyon numfashin injin, wanda idan laka ko datti ya toshe shi, iska takan taru a ciki ta tura mai ta kowace kafa, ko da fakin sabo ne. Wanda ya canza fakin sau biyu yoyo bai tsaya ba, ya kamata ya duba wannan tiyo kafin ya sake kashe kuɗi.

Gyaran wucin gadi da gyaran gaskiya

Idan an tabbatar zaren ne ya cinye, akwai dabaru da aka saba gani a bakin titi: a naɗa zare ko siririyar waya a jikin notin, a cusa tsinken ashana, ko a cika ramin da gam mai haɗi biyu. Waɗannan na iya kai mutum gida, amma zafi da girgiza ba sa barin su daɗe. Mafi haɗari shi ne lafta gam ɗin silikon da yawa a madadin fakin. Abin da ya matso ta ciki yakan ɓalle ya bi mai, ya toshe siraran hanyoyin da ke kai shi saman injin, sai a rasa kamsha saboda ƙoƙarin tsayar da ɗigo.

Gyara na farko mai ma'ana shi ne a auna zurfin ramin. Wani lokaci akwai sauran lafiyayyen zare a ƙasa wanda gajeren noti bai kai gare shi ba, sai a sa wanda ya ɗan fi tsawo. Sharaɗin shi ne kada ya taɓa gindin ramin kafin ya danne murfin, kuma a tsane man da ke cikin ramin, domin noti idan ya matse mai a rufaffen rami yana iya tsaga alminiyam.

Na biyu, wanda ya fi karɓuwa a wajen ƙwararru, shi ne a sa zaren ƙarfe mai kama da sifirin, wanda aka fi sani da sunan Helicoil. Ana faɗaɗa ramin kaɗan da abin huji na kimanin milimita 6.3, a yanke sabon zare da mayankin da ke zuwa cikin kunshin, a murɗa sifirin ɗin ciki har ya ɗan nutse ƙasa da baki, a karya ɗan harshen da ke gindinsa a cire. Amfaninsa shi ne notin asali zai koma wurinsa, kuma daga nan ƙarfe ne zai riƙa gugar ƙarfe. Akwai irinsa da ke zuwa a matsayin cikakken bututu, kamar Time-Sert, wanda ya fi dacewa da wurin da ake yawan kwancewa.

Na uku shi ne a buɗe ramin zuwa milimita 8, a huda da milimita 6.8 a yanke sabon zare. Yana da arha, amma yana cin naman alminiyam da yawa, yana tilasta a faɗaɗa ramin murfin, kuma idan wurin siriri ne ko yana kusa da hanyar mai, ana iya yin ɓarnar da sai an canza kan silinda gaba ɗaya. Inda notin ya karye ne a ciki, gwanin walda kan ɗora wani noti a kan guntun ya haɗa su, zafin waldar ya sassauta tsatsa, a warware shi a hankali.

Kowace hanya aka bi, abu biyu ne ke raba aiki mai kyau da na ganganci. Dole hujin ya tafi a miƙe, domin karkataccen zare ba zai danne fakin daidai ba. Dole kuma a hana ɓarɓashin ƙarfe faɗawa cikin injin: a toshe kewaye da tsumma mai tsafta, a shafa giris a jikin mayankin domin ya kama ɓarɓashin, a riƙa fito da shi ana gogewa.

Abin da mai babur zai nema

Ba a buƙatar ma'aikaci ya zama bakanike, amma yana da kyau ya san abin da zai tambaya. Ya nemi a nuna masa ainihin inda man ke fitowa kafin a kwance komai. Ya dage a sa sabon fakin tare da ƙananan robobin da ke ƙarƙashin kan notuna, a fara ɗaura su da yatsu, sannan a matse su bi da bi a hankali, injin yana sanyi. Idan garejin unguwa ba shi da kayan yanke zare, gara a kai kan silindar wajen masu aikin ƙarfe, irin waɗanda ake samu a unguwar makanikai ta Apo, da a bari a yi masa dabara.

Jami'an da ke kula da baburan aike na ofis su ma suna da rawar takawa. Duba sandar awon mai kowace safiya ba ya cin minti ɗaya, kuma tabon mai a inda babur ya kwana alama ce da ta isa a tsayar da shi. Man da ke bin jikin injin yana tara ƙura a fikafikan da ke sanyaya shi, ya ƙara masa zafi, idan kuma ya kai ga tayar baya ko birki a kan babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, maganar ta wuce ta kuɗin gyara ta koma ta rai. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai wuce sabon fakin, zaren da aka gyara yadda ya kamata, da bakaniken da ya san lokacin da zai saki sifana ba.