Kalmomin Nuna Shiyya da Iyakarsu a Ƙuryar Duniya

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da kalmomi huɗu na nuna shiyya, wato gabas, yamma, arewa da kudu, wadda Sakkwatawa ke kira gusum. Wannan darasi zai nuna cewa ma'anar waɗannan kalmomi ta dogara ne a kan inda mai magana yake.

2.0 Rana a Matsayin Ma'auni

Tambuwal da Kebbe suna wajen digiri 12 arewa da Ikwaita. A nan rana takan fito kullum ta faɗi kullum, don haka da ita ake auna shiyya. Kalmar yamma tana nufin mafaɗar rana, tana kuma nufin lokacin faɗuwarta. Haka nan Bahaushe kan ce ya fuskanci gabas idan yana nufin alƙibla. Saboda haka idan aka ce wa matafiyi "Kebbe tana kudu da Tambuwal", ya san ya sa mafitar rana a hagunsa ya kama hanya.

3.0 Inda Ma'aunin Yake Rushewa

A tsakiyar ƙuryar arewacin duniya, duk inda mutum ya fuskanta kudu ne; babu gabas, babu yamma. Rana takan fito sau ɗaya a shekara, cikin Maris, ta yi ta kewaya sama har ta faɗi cikin Satumba. Kamfas ma ba abin dogaro ba ne, domin allurarsa maganaɗisun ƙasa take bi, shi kuwa cibiyarsa dabam take da ƙuryar, kuma gusawa take yi.

A ƙuryar kudu, wadda Roald Amundsen ya fara isa ranar 14 ga Disamba 1911, ko'ina arewa ne. Wanda ya ɓace cikin ƙanƙara ya ce "ina arewa da sansani" bai faɗa wa masu ceto komai ba. Don haka ma'aikatan tashar binciken Amurka da ke wurin suka ɗauki layin da ya bi ta Girinwic ta Ingila a matsayin arewarsu, suka fitar da sauran shiyyoyin daga gare shi.

4.0 Kammalawa

An ga cewa muhalli da yardar masu magana su ne ke ba kalmar shiyya ma'ana. Inda muhalli ya gaza, sai jama'a su ƙirƙiri ma'auninsu.

Jinga: Kwatanta hanyar gidanku daga kasuwa ba tare da ambaton shiyya ko ɗaya ba.