Guguwar teku a 2019: Abin da ya bambanta Beira da Puri

A daren 14 ga Maris, 2019, mahaukaciyar guguwar Idai ta afka wa Beira, birnin tashar jiragen ruwa da ke tsakiyar Mozambik. Iska ta yaye rufin gidaje, ta katse wutar lantarki da layukan waya, amma ruwan sama ne ya fi yin ɓarna. Kogunan Buzi da Pungwe suka cika suka tumbatsa, gonaki da ƙauyuka suka koma tamkar tafki, mutane suka yi kwana da kwanaki a kan bishiyoyi suna dakon ceto. A yankin Chimanimani na Zimbabuwe, ƙasa ta zaftaro daga tsaunuka cikin dare ta binne gidaje. Fiye da mutum 1,000 ne suka rasu a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi.

Ruwa bai gama janyewa ba cutar kwalara ta ɓarke, ta kama dubban mutane. Makonni shida bayan Idai, a ranar 25 ga Afrilu, guguwar Kenneth ta sauka a lardin Cabo Delgado da ke arewacin Mozambik, alhali ma'aikatan agaji na can suna fama a Beira.

Kwana takwas da faruwar haka, a ranar 3 ga Mayu, guguwar Fani ta doki garin Puri na jihar Odisha a gabashin Indiya. Ƙarfin iskarta bai gaza na Idai ba, gaɓar tekun kuma cunkushe take da jama'a. Duk da haka, waɗanda suka rasu a jihar ba su kai 100 ba.

Odisha ta sayi wannan darasi da tsada. A 1999 wata guguwa ta hallaka kusan mutum 10,000 a jihar. Daga nan gwamnati ta kafa hukuma ta musamman kan bala'o'i, ta gina ɗaruruwan matsugunan kankare a gaɓar teku, ta horar da 'yan sa-kai, ta kuma riƙa yin atisaye da mazauna ƙauyuka. Da masana yanayi suka hango Fani, an aika saƙonnin waya, an zaga da lasifika, an hana masunta shiga teku, aka kwashe mutum sama da miliyan ɗaya kafin iska ta iso.

Ita ma Idai an hango ta tun da sauran kwanaki, an kuma yi gargaɗi. Sai dai da yawa daga mazauna kwarin Buzi ba su da tudun gudu, ba motar kwashe su, ba kuma wanda ya bayyana musu iyakar inda ruwa zai kai.

Irin wannan guguwa ba ta sauka a Nijeriya, amma ambaliya na yi mana zuwan shekara-shekara. Ta 2022 kaɗai ta ci rayuka sama da 600. Hukumomin NiMet da NIHSA kan fitar da hasashensu tun kafin damina ta kankama. Abin da ke tsakanin wannan takarda da manomin da ke bakin Binuwai aikin ofis ne: kuɗin da aka saki a kan lokaci, makarantar da aka ware don tsugunar da jama'a, da jami'in da ya san ƙauyen da zai fara kira.