Birkin Rodi na Tsohuwar Ford: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

Duk wanda ya samu Ford Model A, motar da ta fito a ƙarshen 1927 aka yi ta ƙerawa har zuwa 1931, shawarar farko da zai ji ita ce ya cire birkin rodi ya sa na mai, wai na rodi ba ya tsayar da mota. Maganar nan rabinta gaskiya ce, rabi kuma ƙarin gishiri.

Birkin rodi ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa hawa keke Raleigh, ko ya taka birkin baya na babur, ya san shi: a babur, ka taka, sandar ƙarfe ta ja, shu ya buɗe ya shaƙe diram. Model A ma haka take, sai dai rodin yana zuwa tayoyi huɗu.

Cewa ba ya kamawa ƙarya ce. Idan aka gyara shi yadda ya fito daga kamfani, yana iya ƙulle tayoyin har su ja ƙasa, kuma daga nan babu abin da birkin mai zai ƙara, domin siririyar tayar ce ta kai iyakarta. Abin da ya ɓata masa suna shi ne lalacewa. Tsakanin ƙafar direba da taya akwai mahaɗai da yawa, kowace da fin da rami da bushi. Wannan ta ci kaɗan, waccan ta ci kaɗan, sai ka taka har ƙasa ƙarfin ya ƙare a hanya. Motar da ta haura shekara 90 ana yi mata irin wannan hukunci, ai an zalunce ta.

Daga nan wata ji-ta-ji-tar ta samo asali, wai a ɗaure rodi kawai a rage masa tsawo. Wannan rufe tukunya ne da murfin da ba nata ba. Daidaita birkin ana yin sa ne a bayan kowace taya, inda aka tanadi abin murɗawa. Fin da ya ci a canza shi, ramin da ya faɗaɗa a cike a sake hudawa, hanyar da rolar shu ke bi a mayar da ita daidai. Aiki ne na haƙuri, shi ya sa bakanike mai gaggawa ba ya son sa.

Amma masu suka suna da tasu gaskiyar. Birkin mai yana raba ƙarfi daidai ga kowace taya da kansa, na rodi kuwa sai an bi ɗaya bayan ɗaya, in an kuskure mota ta riƙa fizga gefe. Diram ɗin da yawancin Model A suka fito da shi na matsattsen ƙarfe ne marar kauri, in ya yi zafi a gangara sai ya buɗe, birki ya yi sanyi. Shi ya sa masu gyara ke komawa na ƙarfen zubi. Kuma gaskiya ne Henry Ford ya yi taurin kai: Duesenberg ta sa birkin mai tun 1921, Chrysler a 1924, Ford sai a 1939.

Taurin kan nasa dai da dalili. Birkin mai na wancan zamani layi ɗaya ne, tiyo ɗaya ya fashe, ka rasa duka huɗun. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta tilasta raba shi gida biyu.

Akwai kuma maganar da ake ɗauka tsoratarwa ce alhali gaskiya ce tsantsa: tsohon lainin shu yawanci da asbestos aka yi shi, ƙurarsa na jawo ciwon huhu da sankara. Kada a hure ta da baki ko da iskar kwamfuresa. A jiƙa wurin tukuna, a goge da tsumma mai danshi, a sa takunkumi.