Sa-ɗaka: daga turakar sarakuna zuwa bakin iyakar Illela

Duk wanda ya taso daga Sakkwato zai je Illela, sai ya bi ta Kware, garin da ake jingina wa Isa, autan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mahaifiyar Isa, Mariya, sa-ɗaka ce, wato baiwar da maigida ya keɓe wa kansa ba tare da ɗaurin aure ba. Ita ce kuma ta haifi Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tarihin gidajen sarautar daular Sakkwato ba ya cika sai an ambaci matan da suka shiga cikinsu ta ƙofar bauta. Matan nan sun samu girma na gaske, amma girman bai wanke hanyar da ta kawo su ba, kuma ba hujja ba ne ga mai neman raya al'adar a yau.

A fada, matan aure ba sa wuce huɗu, ƙwaraƙwarai kuwa, wato sa-ɗaka, ba a ƙayyade adadinsu ba. Fikihun Malikiyya ya tanadar wa wadda ta haihu matsayin ummul-waladi: ba a sayar da ita, tana 'yantuwa ranar da ubangidanta ya rasu, ɗanta kuma ɗa ne cikakke, yana gadon dukiya, yana iya gadon sarauta. A nan ne ƙarfinta yake. Shekara, 'yar Daura da ta zauna a gidan Dabo, ta haifi sarakunan Kano uku, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, har yau kuma akwai makarantar 'yan mata a Kano mai ɗauke da sunanta. Ba zaman kashe wando suke yi a kulle ba. Binciken Heidi Nast a kan Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, wanda ya fito a 2005, ya nuna yadda ƙwaraƙwaran fada suka riƙe lissafin hatsin haraji da rabonsa, suka kuma yi harkar rini, ƙarƙashin shugabarsu Uwar Soro, jakadiya tana kai saƙo tsakanin cikin gida da waje. Wadda rumbun sarki ke hannunta ba ƙaramar mace ba ce.

Daga nan ne wasu ke cewa: tunda Shari'a ta halatta, magabata sun yi, matan ma sun ɗaukaka, mene ne laifin? Amsar tana cikin sharaɗin da fikihun kansa ya gindaya. Sa-ɗaka ba ta halatta sai da baiwar da aka mallaka ta halastacciyar hanya, kuma ɗaya daga cikin koke-koken masu jihadin 1804 shi ne bautar da Musulmi 'ya'ya. Yau babu wannan hanya. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, Nijar kuma ta mayar da ita laifi a 2003. Sannan Shekara guda ce. Sauran dubbai da aka raba da iyayensu a yaƙi, waɗanda ba su haihu ba ko aka yi kyauta da su, ba wanda ya rubuta sunayensu.

Maganar ba ta tsohon tarihi ba ce ga mutanen Illela, domin daga tsallaken iyaka, a ƙasar Birnin Ƙonni, aka faro shari'ar da ta girgiza yankin. An sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, a matsayin wahaya, abin da ake kira mace ta biyar. Ba fada ta shiga ba, ba ta ga rumbun sarki ba. Aikin gona da na gida da duka ta tarar. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata wata shida a kurkuku, wai ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙara kotun ECOWAS, wadda ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Yarinyar da aka biya kuɗi aka ɗauko ba tare da waliyyi da sadaki da shaidu ba, 'ya ce aka zalunta, komai sunan da aka laƙaba wa cinikin. Malamai da hakimai da jami'an da ke tsaron iyakar Illela da Ƙonni su ne suka fi kusa da wannan hanya, su ya kamata su fara faɗin haka a kan mumbari da zaure, su kuma riƙa tambayar duk wanda ya tsallako da ƙaramar yarinya: 'yar wane ce, ina za a kai ta?